Ƙungiyar gari ko kulob mai zaman kansa: ina yaro zai fi koyon ƙwallo a Amurka?

Baban Khalifa (Massachusetts):

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Ɗana yana da shekara tara, kuma tun yana ƙarami yake buga ƙwallo a ƙungiyar garinmu, wadda take fita wasa da garuruwan maƙwabta a gasar BAYS ta yankin Boston. Mai horar da su mahaifin ɗaya daga cikin yaran ne, aikin sa-kai yake yi, ba a biyansa ko sisi. Mutum ne mai haƙuri da yara, sai dai shi da bakinsa yake faɗa cewa bai san ƙwallon ƙafa ba sai da 'ya'yansa suka fara bugawa. Abin da muke biya a shekara 'yan ɗaruruwan daloli ne, ana atisaye a filin makarantar da ke kusa da gida, wasa kuma ranar Asabar.

A watan Yuni wani kulob mai zaman kansa ya gayyaci yaron gwaji, suka ba shi gurbi, suka ce mu ba da amsa cikin 'yan kwanaki. Kuɗin shekara ya kusa dala 3,000, ban da kayan sawa, ban da mai da otal idan an tafi gasa wata jiha. Kocinsu ya ce mini idan na bar shi a ƙungiyar gari har ya kai shekara 12, sa'o'insa za su yi masa nisan da ba zai iya kamo su ba. Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai, domin ba na so in tauye yaron saboda ƙyashin kuɗi, ba na kuma so in ɗora wa gida nauyin da bai zama dole ba. Shin gaskiya ne abin da kocin ya faɗa?

Malam Isiyaku (Texas):

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Idan kana da hali, ka kai shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekarun da ke tsakanin tara da 12 su ne lokacin da ƙafar yaro take sabawa da tarar ƙwallo, da juyawa da shi, da bugu da hagu da dama. Mahaifin da yake aikin sa-kai ya cancanci godiya, amma ba zai gyara kuskuren da idonsa bai iya ganinsa ba. Abu na biyu shi ne abokan wasa. Yaron da ya fi kowa a ƙungiyarsa yakan saba da wuce mutum uku cikin sauƙi, ba ya koyon sakin ƙwallo da wuri, ba ya koyon ɗaga kai, domin babu wanda yake matsa masa. Ranar da ya haɗu da sa'o'insa na gaskiya sai ya rasa abin yi.

Sannan a dubi inda hanya take bi a ƙasar nan. Masu neman 'yan wasa na jami'o'i da na manyan kulob ba sa zuwa kallon gasar garuruwa. Gasar MLS Next da ECNL, manyan gasannin matasa na ƙasar, suke zuwa, kuma ƙofar shiga waɗannan ta kulob ce. Christian Pulisic a kulob ɗin PA Classics na Pennsylvania ya taso kafin Dortmund ta ɗauke shi yana da shekara 16. Clint Dempsey, wanda ya ci wa Amurka ƙwallo 57, ɗan garin Nacogdoches ne a nan Texas, kuma iyayensa tafiyar kusan awa uku suke yi da shi zuwa Dallas domin ya yi atisaye da kulob ɗin Dallas Texans. Ba masu kuɗi ba ne, amma sun gane cewa garinsu ba shi da abin da yaron yake buƙata.

Koci Garba (New Jersey):

Malam Isiyaku ya faɗi gaskiya game da inda hanya take ƙarewa, amma tambayar Baban Khalifa a kan mafarinta take. Na horar da yara a ƙungiyar gari, na kuma yi aiki a kulob, saboda haka bari in yi bayanin yadda abin yake daga ciki.

Kulob mai zaman kansa a ƙasar nan da kuɗin iyaye yake rayuwa. Daga aljihunsu ake biyan koci, da hayar fili, da kuɗin shiga gasa. Wanda yake biya shi ake faranta wa rai, kuma abin da mahaifi yake iya gani daga bakin fili shi ne an ci ko ba a ci ba. A wasan 'yan shekara tara da goma, inda ake buga bakwai da bakwai, hanya mafi sauƙi ta cin wasa ita ce a sa yaro mafi girman jiki da gudu a gaba, a riƙa dirka masa ƙwallo daga baya. Ƙungiya za ta tara kofuna da wannan dabara, yaran kuma ba su koyi komai ba. Kocin da ya nace sai mai tsaron gida ya miƙa wa ɗan baya, a fito da ƙwallo a ƙasa, zai sha kashi sau da yawa kafin yaran su iya, kuma kafin lokacin wasu iyaye sun kwashe 'ya'yansu sun koma kulob ɗin da yake cin wasa. Akwai kulob da suke jure wannan matsi, na san su kuma ina girmama su, amma tsarin kansa ba ya ba su lada a kan haka.

Abu na biyu, kulob ɗaya yakan kasance da ƙungiya ta ɗaya, da ta biyu, da ta uku a shekaru guda, duk riga ɗaya suke sawa, kuɗin ma kusan ɗaya ne. Ƙwararren kocin da aka nuna maka hotonsa yawanci yana tare da manyan yara ne ko ƙungiya ta ɗaya. Ta uku tana iya faɗawa hannun saurayin da yake riƙe da ƙungiyoyi uku a lokaci guda, wanda ranar Asabar ba zai iya halartar wasanninsu duka ba. Sau da yawa irin wannan ƙungiyar ba ta fi ƙungiyar gari mai kyau ƙarfi ba, kuma kuɗinta ne yake taimakawa wajen ɗaukar nauyin ta sama. Don haka, Baban Khalifa, ka fara tambayarsu ƙungiya ta nawa suka ba shi, kuma wane ne zai horar da ita da sunansa.

Game da Dempsey kuwa, labarin yana da sauran rabi. Kafin Dallas da kuma lokacin da yake zuwa Dallas, a filayen garinsu yake buga ƙwallo da 'ya'yan baƙi 'yan Latin Amurka, babu koci babu usur, kuma yawancin masu bin wasansa a nan suke ganin ya samo ƙarfin halin yanka da gwada abin da wasu suke tsoro. Akwai kuma lokacin da kuɗi ya gaza har ya dakatar da zuwa kulob, sai da iyayen abokan wasansa suka taimaka. Ni idan na tuna labarin, yaran da ba su sami masu taimaka musu ba nake tunawa. Bayan Amurka ta sha kashi 2-1 a hannun Trinidad da Tobago a watan Oktoban 2017, ta rasa gurbin gasar cin kofin duniya ta 2018, wannan tsari na sai ka biya ka buga yana cikin abubuwan da aka fi ɗora wa laifi.

Maman Hanifa (Maryland):

Ina so in yi magana a matsayin uwar 'ya mace da ta shiga kulob, domin akwai tsadar da ba a rubuta ta a takardar rajista. Asabar da Lahadi sun tashi daga hannun iyali. Islamiyyar ƙarshen mako takan ci karo da wasa, ziyarar 'yan uwa ta ragu, ƙannenta kuma a kujerar bayan mota suke yin aikin gidansu na makaranta. Idan azumi ya faɗo a tsakiyar kakar wasa, sai an yi zama na musamman da koci. Batun ɗankwali dai ya yi sauƙi tun da hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta amince da rufe kai a 2014, amma sauran nauyin yana nan.

Yawancin iyayen da nake zama da su a bakin fili, idan aka tambaye su dalilin kashe wannan kuɗi, tallafin karatun jami'a suke ambata. Ya kamata a san girman abin da ake bi. Shekaru da yawa dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta taƙaita ƙungiyar maza ta rukuni na ɗaya ga kwatankwacin cikakken tallafi 9.9, ta mata ga 14, a raba wa 'yan wasa fiye da ashirin, shi ya sa yawanci ɓangare ake samu, cikakken tallafi kuwa sai ɗaiɗaiku. Dokar ta canza a 2025, amma jami'a ba ta ba da abin da ba ta da shi a asusunta, kuma jami'o'in rukuni na uku ba sa ba da tallafin wasanni ko kaɗan. Wanda ya biya kuɗin kulob da tafiye-tafiye tun daga shekara tara har zuwa 18, idan ya zauna ya haɗa jimilla, zai iya tarar da cewa ajiye kuɗin ya fi abin da jami'a za ta ba shi.

Duk da haka ban yi nadama ba, kuma a nan na ɗan karkata ga Malam Isiyaku. Ga 'ya'ya mata, tun daga dokar Title IX ta 1972, wadda ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantu, jami'o'i suka zama babbar hanyar ƙwallonsu, kuma ECNL, wadda aka kafa a 2009 domin mata kafin a buɗe ɓangaren maza, ita ce kasuwar da masu horarwa na jami'o'i suke ci. Sai dai 'yata ba ta shiga kulob ba sai da ta kai 12, bayan ita da kanta ta dame mu da roƙo, kuma ban ga wata alama da ke nuna cewa waɗanda suka riga ta da shekara uku sun yi mata nisa ba. Wasu daga cikinsu ma sun gaji sun daina kafin su shiga sakandare.

Alhaji Baba (Kano):

'Ya'yana, ina karanta bayananku daga nan gida, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. A nan, yaro yana tasowa a ƙungiyar unguwa, koci yana ɗawainiya da shi, wani lokaci har kuɗin mota da takalmi daga aljihunsa, da fatan wata rana yaron zai sami kulob, wanda ya rene shi ya sami rabonsa. Ahmed Musa daga wata makarantar horar da yara a Jos ya fito, ya buga wa JUTH, ya zo Kano Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, daga nan VVV-Venlo ta Holan ta saye shi. Ba na cewa tsarinmu ba shi da aibi, domin akwai masu cin amanar yara da sunan kai su Turai, akwai kuma ƙaryar shekaru da ta daɗe tana ɓata mana suna. Amma a nan, yaro mai baiwa shi ne dukiyar, nemansa ake yi ko da ɗan talaka ne. Me ya hana kulob ɗin Amurka su rayu da sayar da 'yan wasa, su sauke wa iyaye wannan nauyi?

Barista Nura (New York):

Allah ya ƙara girma, Baba. Tambayarka ta taɓa tushen matsalar. FIFA tana da dokoki biyu a kan wannan. Ta farko ita ce diyyar horarwa, wadda kulob ɗin da ya fara ba ɗan wasa kwantiragin ƙwararru yake biyan waɗanda suka rene shi. Ta biyu kuma tana ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa idan ya koma wata ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Da wannan ne ƙananan kulob a Turai da Kudancin Amurka da Afirka suke samun dalilin renon yaron da ba shi da ko kwabo.

A Amurka an daɗe ba a aiki da waɗannan dokoki. Lokacin da Tottenham ta sayi DeAndre Yedlin daga Seattle Sounders, kulob ɗin yara na Crossfire Premier, inda ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa, ya bi sawun kasonsa har gaban FIFA, kuma shari'ar ta ɗauki shekaru. Sai a 2019 MLS, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ta sanar cewa za ta fara neman diyyar horarwa a kan yaran makarantunta da suka tafi ƙasashen waje. Kulob ɗin da ya san ba zai sami komai ba idan yaronsa ya zama tauraro, dole ya nemi kuɗinsa a wurin da yake da tabbas, wato hannun iyaye, kuma yawan yaran da suka yi rajista ya fi masa amfani a kan ingancin mutum ɗaya.

Makarantun kulob ɗin MLS su ne suka bambanta, domin yawancinsu kyauta ne, tun da su suna da riba a kan ɗan wasan da suka rena. Tyler Adams daga makarantar New York Red Bulls ya fito ya tafi Leipzig, Weston McKennie daga ta FC Dallas ya tafi Schalke. A jihar Baban Khalifa ma, New England Revolution ta ba Diego Fagúndez na garin Leominster kwantiragi a 2010 yana da shekara 15. Amma kulob 30 ne a MLS, uku daga ciki a Kanada suke, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 330. Guraben kaɗan ne ƙwarai, kuma yawancin yaran da suke cike su daga kulob na biya ake tsamo su.

Malam Isiyaku (Texas):

To, Barista, jimlarka ta ƙarshe ita ce hujjata. Na yarda tsarin bai yi adalci ba, amma mahaifi ba zai jira a gyara ƙasa ba alhali ɗansa yana girma. Kuma akwai abin da Koci Garba bai ambata ba: ƙungiyar garin da yaron yake ciki yau ba ita za ta kasance ba nan da shekara biyu. Duk shekara yara biyu ko uku mafiya iyawa suna ficewa zuwa kulob, waɗanda suka rage kuma da yawansu wani wasan ne a ransu, ƙwallon ƙafa ta cike lokaci ce. Na ga wannan da idona a kan babban ɗana, wanda na bari a ƙungiyar unguwa har atisaye ya koma yara shida ko bakwai, ba a ma iya raba su gida biyu.

Dakta Amina (Ohio):

Zan ƙara abu ɗaya daga ɓangaren lafiya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2016 tana ba da shawarar a jinkirta tsayar da yaro a kan wasa guda har sai ya kai kusan shekara 15 ko 16, saboda raunin da ke zuwa daga maimaita motsi iri ɗaya, da kuma gajiyar zuciya da ke sa yara su watsar da wasa baki ɗaya. Masu kula da lafiyar 'yan wasa suna da ma'auni mai sauƙin riƙewa, cewa sa'o'in horo na tsari a mako kada su wuce shekarun yaron. A wannan shekarun, ciwon dunduniya da na ƙasan gwiwa, inda ƙashi yake kan girma, su ne abin da aka fi kawo mana. Kulob da yawa suna aiki kusan wata goma a shekara, kuma a gasar ƙarshen mako yaro yana iya buga wasa uku ko huɗu cikin kwana biyu. Ƙungiyar gari tana da hutu tsakanin kaka da kaka, wanda yake ba shi damar iyo ko ƙwallon kwando. Duk inda aka kai shi, a tabbatar ana bin dokar da hukumar ƙwallon Amurka ta kafa a 2015, wadda ta hana 'yan shekara goma zuwa ƙasa buga ƙwallo da ka.

Baban Khalifa (Massachusetts):

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira su kamar yadda Koci ya ce, kuma ƙungiya ta biyu suka ba shi, sun ce ba su riga sun tsayar da wanda zai horar da ita ba. Abin da Malam Isiyaku ya faɗa ma gaskiya ne, domin biyu daga cikin abokansa sun riga sun karɓi gurbi. A nan yankin iyaye da yawa suna haɗa biyun, yaro ya buga wa gari ranar Asabar, ya buga wa kulob ranar Lahadi. Ina so in ji ra'ayinku a kan wannan.

Abu Safwan (Norway):

Yayana Baban Khalifa, kafin a amsa maka, ina so in kawo misalin inda nake zaune, domin yana nuna cewa gari yana iya renon ɗan wasa idan an tsaya masa. Erling Haaland a Bryne ya taso, garin da mutanensa kimanin 12,000 ne. Ya shiga ƙungiyar garin yana ƙaramin yaro, cikin rukunin yara kusan 40 da aka riƙe su tare shekara da shekaru ba a kori kowa ba, mai iyawa da mai rauni, kuma akwai rufaffen fili da yaran suke shiga su buga son ransu a ƙarshen mako. Bai bar garin ba sai a 2017, yana da shekara 16, lokacin da ya koma Molde. Ƙasar tana da ƙa'idojin haƙƙin yara a wasanni tun 1987, waɗanda suka hana fitar da jadawalin matsayi ga ƙananan yara, suka kuma hana gasar zakarun ƙasa kafin shekara 13.

Iceland ma haka take. Mutanenta ba su kai 400,000 ba, amma ta fitar da Ingila a gasar Turai ta 2016, ta kuma je kofin duniya na 2018, inda Najeriya ta haɗu da ita a Volgograd, Ahmed Musa ya zura mata ƙwallo biyu. Ƙananan hukumomi ne suka gina rufaffun filaye saboda sanyi, kuma yaro ɗan shekara shida yana samun koci mai takardar shaidar horarwa wanda ake biya, a ƙungiyar unguwarsu, tare da abokan ajinsa. Iyaye suna biyan kuɗi, amma ba irin wanda kuke ambata ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne rarrabe yara tun suna tara kuskure ne, domin wanda ya fi kowa a wannan shekarun sau da yawa wanda ya riga sauran girma ne kawai.

Malam Isiyaku (Texas):

Ƙanena Abu Safwan, misalanka suna da kyau, amma ka lura da abin da ke cikinsu. Bryne ƙungiya ce mai babbar tawaga da ke buga gasar ƙasa, har Haaland ya fara buga mata yana da shekara 15. Yaron da ke can yana ganin matakalar tun daga ƙasa har sama a fili ɗaya, kuma masu horar da shi sun san ƙwallo. Ƙungiyar gari a Amurka ba ta da babbar tawaga, ba ta da alaƙa da kowace gasar ƙwararru, iyakarta sakandaren garin. Ko hukumar ƙwallon ƙasar, lokacin da take gudanar da gasarta ta makarantun horarwa daga 2007 zuwa 2020, ta kai ga hana yaranta buga wa sakandarensu daga 2012, wato ita da kanta ta yanke igiyar da ke tsakanin gari da babban mataki. A ba ni garin Amurka mai koci irin na Iceland, ni ne zan fara cewa a bar yaro a gida.

Koci Garba (New Jersey):

Malam Isiyaku, a kan wannan ba mu da saɓani, kuma akwai garuruwan da suka kama hanyar. Suna ƙara ɗan abu a kan kuɗin rajista su ɗauki ƙwararren koci guda, wanda aikinsa shi ne ya tsara atisayen mako, ya zagaya filaye, ya horar da iyayen da suke sa-kai. Hukumar ƙwallon Amurka tana da kwas na matakin farko ga masu horar da yara, na huɗu da huɗu, da bakwai da bakwai, da tara da tara, da sha ɗaya da sha ɗaya, wanda ake gamawa cikin sa'o'i kaɗan, wani ɓangaren ma ta intanet. Ba zai mayar da mutum gwani ba, amma zai hana shi jera yara 12 a layi suna jiran ƙwallo ɗaya. Mu da muka taso muna buga ƙwallo a gida muna da abin bayarwa a nan, kuma abin yana damuna yadda muke tsayawa a bakin fili muna gyara wa koci a zuci, alhali kwamitin garin yana roƙon masu sa-kai duk shekara. Baban Khalifa, idan ka taɓa buga ƙwallo ko a unguwa ne, ka nemi zama mataimakin kocin nan.

Haɗa biyun kuwa, ga ɗan shekara tara ban goyi baya ba. Atisaye huɗu ko biyar da wasa biyu a mako yana iya wuce ma'aunin da Dakta ta kawo, kuma yana cinye lokacin da yaron zai buga ƙwallo don kansa, wanda shi ne abin da yaran ƙasar nan suka fi rashi. Da ni ne, zan bar shi a gari bana, in sa shi futsal, wato ƙwallon cikin ɗaki na biyar da biyar, a watannin sanyi, domin ƙaramin fili da ƙwallo mai nauyi suna tilasta wa yaro saurin tunani, in kuma riƙa kai shi inda 'yan Brazil da sauran baƙi suke buga wasan yamma, tun da suna da yawa a yankinku. Kulob ba zai rufe ƙofa ba. Duk shekara suna gwaji, kuma yaron da ya iya ƙwallo a shekara 11 ko 12 ba a mayar da shi. Lokacin da ake komawa tara da tara, sannan sha ɗaya da sha ɗaya a shekara 13, shi ne inda hujjar Malam Isiyaku take ƙara nauyi, musamman idan ƙungiyar garin ta zube kamar yadda ya kwatanta.

Idan kuma ka zaɓi kai shi bana, kada ka sa hannu sai ka je ka kalli atisayen wannan ƙungiya ta biyu, ba na ta ɗaya ba. Ka duba yawan lokacin da ƙwallo yake ƙafar kowane yaro, ka saurari abin da koci yake faɗa wa wanda ya yi yanka aka ƙwace, ka tambayi ko kowane yaro yana da tabbacin buga aƙalla rabin wasa. Ka kuma tambaye su rukunin da zai faɗa, domin manyan hukumomin ƙwallon yara sun sanar cewa daga kakar 2026/2027 za su bar lissafi da shekarar haihuwa, wanda aka koma wa a 2016, su dawo lissafi da shekarar makaranta. Wannan zai wargaza ƙungiyoyi da yawa a sake haɗa su, kuma abokan da zai bi zuwa kulob ɗin suna iya tsintar kansu a wani rukunin daban, ya danganta da watan haihuwar kowannensu.